Daga Karaköy Zuwa Taksim da Ƙafa: Kundin Zagayen Gidajen Burodi da Shagunan Kayan Zaƙi

Asabar, 3 ga Fabrairu, 2024

Aikin da na ɗora wa kaina shi ne in bi gundumar Beyoğlu ta birnin Istanbul da ƙafa, tun daga bakin ruwa a Karaköy har zuwa dandalin Taksim da ke kan tudu, ina rubuta a taswira gidajen burodi da shagunan kayan zaƙi da ke kan hanya, da abin da kowanne ya ƙware a kai, da lokacin da ya fi dacewa a je masa. Abin da ya sa ni wannan aiki shi ne yadda 'yan'uwanmu 'yan kasuwa da ke sauka a Laleli da Aksaray suke barin sayen tsaraba sai ranar tafiya, su ɗauki kwalin da suka fara cin karo da shi a filin jirgi, alhali tsallaka gadar Galata kawai ke tsakaninsu da inda ake yin kayan tun asali.

Sharaɗin farko shi ne ba zan hau abin hawa ba. Akwai jirgin ƙarƙashin ƙasa da ake kira Tünel, wanda aka buɗe a 1875, kuma na Landan ne kaɗai ya girme shi a duniya. Yana ɗauke wa mutum wahalar tudun cikin ɗan lokaci, amma wanda ya shige shi ya wuce gidajen burodin ta ƙarƙashin ƙasa. Sharaɗi na biyu kuwa, ba zan yanke wa shago hukunci ba sai na gan shi da safe na kuma gan shi da yamma.

Na fara da simit, domin shi ne abin da birnin ke karyawa da shi. Burodi ne mai siffar zobe, wanda ake murɗa igiyoyi biyu na kwaɓi a haɗa bakinsu, a tsoma shi a ruwan da aka dama da dafaffen ruwan 'ya'yan inabi mai kauri, a birkiɗa shi cikin riɗi, sannan a gasa. Wannan tsomawa ce ke sa riɗin ya manne, ta kuma ba wa bayan burodin launin ja mai duhu da ɗan ɗanɗanon ƙauri mai daɗi. A Galata Simitçisi da ke titin Mumhane da itace ake gasawa, kuma mai saye yana hango bakin tanderun daga inda yake tsaye. Simit ɗin da ya fito yanzu yana karyewa da ƙara a waje, cikinsa kuwa da laushi. Wanda ya yini a cikin jajayen kekunan masu talla ya riga ya yi danƙo. Wannan ne abu na farko da na rubuta a gefen taswirata: Karaköy, da sassafe.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Yau na ba wa baklava yinin gaba ɗaya, kuma ta cancanci haka.

Karaköy Güllüoğlu shi ne sunan da kowa zai fara ambata maka. Mustafa Güllü ya buɗe shi a nan Karaköy a 1949, daga zuriyar da ta gaji sana'ar a Gaziantep, wanda ake taƙaita sunansa Antep, garin da ke kudu maso gabashin Turkiyya kusa da iyakar Siriya. Akwai wasu shagunan masu ɗauke da sunan Güllüoğlu a sassan birnin, waɗanda na wasu rassan zuriyar ne masu cin gashin kansu, don haka wanda aka aika ya sayo ta Karaköy sai ya lura da cikakken sunan da ke jikin kwali. A kan sikeli ake sayarwa, mutum ya nuna abin da yake so, a auna masa, ya ɗauki farantinsa da kofin shayinsa ya nemi wurin zama da kansa.

Abin da ke raba baklava ta ƙwarai da ta kasuwa bai wuce abu huɗu ba, kuma duk ana iya gane su ba tare da an tambayi kowa ba. Akwai sirancin fallen kwaɓin, wanda ake murzawa da dogon siririn muciya ana barbaɗa sitaci har sai mutum ya iya hango yatsunsa ta cikinsa, a jera falle a kan falle wajen arba'in a tire guda. Akwai man shanun da aka narkar aka tace, wanda ƙamshinsa ya kamata ya riga zaƙin isa hanci. Akwai koren ƙwallon itacen nan da suke kira fıstık, wanda na Antep da aka tsinka tun bai gama nuna ba ya fi kore da ƙamshi. Sai ruwan sukarin, wanda ake kwarara shi da zafinsa a kan tiren da ya fito daga wuta. Idan aka yi ha'inci a ɗayansu baki zai faɗa: man da ba na shanu ba yana daskarewa a dasashi, ruwan zaƙin da aka haɗa da na masana'anta kuma yana ƙona maƙogwaro ya bar mutum da ƙishirwa. Masu sana'ar suna cewa a kifa yankan a baki, gindinsa ya taɓa ganɗa, kuma in cokali mai yatsu ya shiga ba a ji ƙarar fashewar fallen ba, to ta kwana.

Tarayyar Turai ta yi wa baklavar Antep rajistar kariya ta asalin wuri a 2013, kuma ita ce kayan Turkiyya na farko da ya samu wannan matsayi. Ma'anar haka ita ce ba kowace baklava ce za ta ɗauki sunan Antep ba, ko da kuwa ɗan Antep ne ya yi ta a wani gari.

Wadda ta fi jan hankalina a yau ita ce sütlü nuriye, mai launi fari-fari, wadda ake jiƙawa da madara, a kuma sa mata fındık, wani ƙwallon itace na gaɓar Baƙin Teku, maimakon fıstık mai tsada. Labarin da masu sana'ar ke bayarwa shi ne bayan juyin mulkin soja na 1980 hukuma ta ƙayyade farashin baklava a ƙasa da abin da ake kashewa wajen yin ta, sai aka ɓullo da wannan mai arha da nauyi a sikeli. Dokar ta wuce, nuriye ta zauna. Ga wanda zaƙi mai yawa ke gundura, ita zan fara nuna masa, sai dai ba ta jure tafiya mai nisa saboda madarar, don haka ba kayan tsaraba ba ce.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Hawan tudu. Na bi ta titin Bankalar, na hau matakalar Kamondo, wadda zuriyar Yahudawan nan masu banki suka gina a ƙarni na 19, har na fito gindin hasumiyar Galata da mutanen Janowa na Italiya suka gina a 1348. Kewayen hasumiyar ya cika da sababbin shaguna masu sayar da wani kek na cuku mai ƙonannen sama, wanda asalinsa daga garin San Sebastian na Sifaniya ne, ana kwarara masa cakulan, matasa suna ɗaga farantin su ɗauki hotonsa da hasumiyar a baya. Na ɗanɗana, ba shi da laifi, amma babu abin da ya haɗa shi da unguwar in ban da hoton, kuma layi ɗaya ya ishe shi a taswirata.

Abin da ya fi mini amfani shi ne wani ƙaramin gidan burodi a lungun da ke gangarawa Tophane, inda ake sayar da poğaça da açma, ƙananan burodi masu maiƙo da ake cusa wa cuku ko zaitun ko dankali. Mai gidan, dattijo ne da kowa ke kira usta, wato gwani, ya ce shi mutumin Rize ne, garin da ke gaɓar Baƙin Teku. Wannan bai ba ni mamaki ba, domin mutanen gaɓar Baƙin Teku, musamman na yankin Hemşin, sun daɗe da riƙe sana'ar burodi da kek a manyan biranen Turkiyya. Kakanninsu sun tafi ci-rani Rasha a zamanin sarakunanta, suka koyo sana'ar a can, suka dawo da ita.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Yau daren tsakiyar Sha'aban ne, wanda a nan ake kira Berat Kandili, kuma tun da hantsi kowane gidan burodi ya fito da tebur a bakin ƙofa ya jera kwalayen kandil simidi. Ƙananan zobba ne masu gautsi, wasu da riɗi wasu babu, da ƙamshin mahlep, garin da ake samu daga ƙwallon wani ɗan itacen daji. Ana saye a kai wa iyaye da surukai da maƙwabta. Wanda ya zo jiya ba zai ga teburan ba, wanda zai zo jibi ma haka, kuma wannan ya sa na ƙara wa taswirar shafi na musamman don abubuwan da kalandar Musulunci ke fitowa da su.

Daga nan na shiga titin İstiklal ta ƙarshensa na ƙasa. Tsawonsa bai kai kilomita ɗaya da rabi ba, kuma a zamanin Daular Usmaniyya ta Turkiyya nan ne babban titin Pera, unguwar ofisoshin jakadanci da Girkawa da Armeniyawa da Yahudawa da Turawan da aka haifa a gabas. Kayan zaƙin ma sun canza tare da tudun: a ƙasa ruwan sukari ne da fıstık, a sama kuwa kirim ne da cakulan da kek irin na Faransa.

Tarihin wannan ɓangaren ya fi yawa a ƙofofin da aka rufe. Shagon kek na Lebon, wanda ya samo asali tun ƙarni na 19, ya rufe a 2022. Markiz, wanda wani Ba'armene mai suna Avedis Ohanyan Çakır ya buɗe a 1940 a tsohon mazaunin Lebon, ya shahara da manyan zane-zane biyu na tangaran a bangonsa, ɗaya na bazara ɗaya na kaka, kuma nan ne marubuta da masu zane suke zama a da. An rufe shi a 1980, aka sake buɗewa a 2003, bai kuma ɗore ba. Ba canjin ɗanɗanon jama'a ne kaɗai ya kashe irin waɗannan wurare ba. Harajin dukiya na 1942 ya fi faɗawa kan waɗanda ba Musulmi ba, a ranakun 6 da 7 ga Satumba na 1955 aka farfasa shagunan Girkawa a wannan titi, a 1964 kuma aka kori masu riƙe da takardun zama 'yan ƙasar Girka. Masu yin kek ɗin da masu sayensa duk sun tafi, sannan daga baya kuɗin haya ya ƙarasa sauran.

Wanda ya tsira shi ne İnci, wanda Luka Zigoris ya kafa a 1944, kuma abu ɗaya aka san shi da shi, wato profiterol: ƙananan dunƙulen kwaɓi masu rami, a cika su da kirim, a lulluɓe da narkakken cakulan. An fitar da shi daga ginin Cercle d'Orient a ƙarshen 2012, a rikicin sabunta ginin da ya ci tsohon gidan sinima na Emek, sai ya koma titin Mis, ɗan lungu kaɗan daga babban titi. Ba a tambayar mutum abin da yake so. Farantan suna jere a kan kanta, ka ɗauka ka zauna. Cakulan ɗin ba mai tsada ba ne, kuma wanda ya saba da na Turai zai iya raina shi, amma na ga dattawa suna shigowa da jikokinsu, kuma a ganina wannan ne abin da shagon ke sayarwa.

Wata shawara ga masu kiyaye abin da suke ci: a shagunan kek irin na Turai, wasu nau'o'in cakulan da kek ana sa musu giya, don haka tambaya kafin saye ba ta da laifi, kuma masu shagunan sun saba da ita.

Laraba, 6 ga Maris

Na zo a tsakiyar mako don in samu kasuwar kifi ta Balık Pazarı ba cunkoso. Tana gefen Çiçek Pasajı, ginin 1876 da aka yi bayan gobarar da ta cinye Pera a 1870, kusa da makarantar Galatasaray. A lungun Dudu Odaları akwai shaguna biyu da zan sa wa alama mai kauri.

Na farko Üç Yıldız ne, mai sayar da alewa tun 1926, inda har yanzu akide, alewar nan mai tauri, take cikin manyan kwalabe masu murfin tagulla, lokum kuma a yanka shi a auna a gaban mai saye. Lokum ba wani abu ba ne illa sitaci da sukari da ruwa da aka daɗe ana tuƙawa a kan wuta, don haka duk ƙwarewar tana cikin tuƙin: na ƙwarai yana lotsawa in an danna shi ya dawo, ba ya manne wa haƙori. Wanda ya fi shahara a wannan sana'a shi ne Hacı Bekir, mutumin Kastamonu da ya buɗe shagonsa a Bahçekapı a 1777, kuma zuriyarsa na da reshe a kan İstiklal. Ga mai neman tsaraba da za ta kai Kano ko Zinder lafiya, lokum da akide su ne amsa, domin ba sa tsoron kwanaki.

Na biyu Sakarya Tatlıcısı ne, inda na tarar da ayva tatlısı a ƙarshen lokacinsa. Ayva ɗan itace ne rawaya mai tauri da bauri, wanda ba a cika cinsa ɗanye ba. Idan aka daɗe ana dafa shi da sukari sai ya rikiɗe ya zama ja, a ɗora masa kaymak, wato kaurin saman madarar ɓauna. Abincin hunturu ne, kuma wanda ya zo da rani sai ya haƙura.

Na ƙarasa yinin a Saray Muhallebicisi, gidan kayan madara da aka kafa a 1935, mallakar zuriyar Topbaş, wadda ɗanta Kadir Topbaş ya yi magajin garin Istanbul daga 2004 zuwa 2017. A nan ne ake samun tavuk göğsü, wanda duk baƙon da aka gaya wa abin da ke cikinsa sai ya ɗaga kai: ƙirjin kaza ne ake dafawa, a yayyage shi zare-zare, a yi ta wankewa har ƙarnin ya fita, sannan a tuƙa shi da madara da sukari da garin shinkafa. Ba a jin kaza ko kaɗan, sai dai wani danƙo da cokali ke ja. Idan aka bar gindinsa ya ƙone a tire da gangan aka naɗe shi, ya zama kazandibi, kuma ni shi na fi so, domin ɗacin ƙonuwar yana rage zaƙin.

Masu sayar da dondurma, wato ais-kirim na garin Maraş, da ke wasa da masu saye a bakin titi, su miƙa su janye, ban tsaya musu ba.

Asabar, 16 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar Litinin 11 ga wata, kuma jadawalin da na tsara na safe da yamma ya tashi daga aiki, domin gidajen burodin unguwa sun koma rayuwa a sa'a guda kafin magariba. Na bar İstiklal na gangara Cihangir da Çukurcuma, wajen masallacin Firuzağa, inda mutane ke zaune da iyalansu.

Abin da ake bi layi a kansa shi ne pide na Ramadan, faffaɗan burodi mai laushi wanda ake danna masa zane da yatsu, a barbaɗa riɗi da habbatus sauda. Duk wanda ya taɓa tsayawa jiran gurasa ta fito daga tanderu a Jakara zai gane layin nan ba sai an yi masa bayani ba. Ana iya sayensa da rana a kowane kanti, amma ba wanda yake so. Kowa so yake ya isa gida da shi yana ƙona hannu ta cikin takarda daidai lokacin da ake kiran salla. Wasu suna zuwa da ƙwai daga gida su ba mai tanderu ya shafa a kan nasu. Yawancin masu bin layin yara ne da aka aiko da tsofaffi maza, kuma ban ga wanda ya yi yunƙurin tsallake wani ba.

A nan na fahimci abin da wannan aiki ke nuna mini tun farko. Shagunan da ke da shekara a rubuce a saman ƙofa su ne tarihin unguwar, amma waɗannan gidajen burodin da ba su da suna a kowane littafin baƙi su ne suke ciyar da ita. A jikin gilashin ɗayansu an rubuta askıda ekmek da lamba a gefe: mai hali ya biya kuɗin burodi fiye da wanda ya ɗauka, a rubuta, mabukaci ya zo ya karɓa ba tare da ya san wanda ya biya ba. A shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 60 cikin 100 a lissafin hukuma, kuma layin rumfunan Halk Ekmek, burodin gwamnatin birni mai rahusa da aka fara a 1978, yake ƙara tsawo, wannan lamba tana sauka da sauri. Haka kuma ba a zubar da burodi a shara. Ragowarsa ana ɗaure shi a leda a rataye a jikin shinge.

Kayan zaƙin watan kuwa güllaç ne, busassun fallayen sitaci farare da ake jiƙawa da madara mai ɗumi da ruwan wardi, a yi musu ado da 'ya'yan rumman. Ba shi da nauyi a cikin mai azumi, kuma da wuya a same shi a mafi yawan shaguna bayan salla.

Litinin, 25 ga Maris

Yau 15 ga Ramadan. A zamanin Usmaniyya a irin wannan rana ce fadar Topkapı take fitar da tirorin baklava ga sojojin Janisari, tire ɗaya ga kowane mutum goma, su ɗauka su ratsa gari da su jama'a na kallo. Al'adar ta ƙare a 1826, lokacin da Sarki Mahmud na Biyu ya rushe rundunar. Na gangara Karaköy bayan tarawihi, na tarar an fara karɓar odar tirorin salla.

Asabar, 13 ga Afrilu

An yi salla ranar Laraba 10 ga wata. Mutane da yawa a nan suna kiranta Şeker Bayramı, wato sallar sukari, saboda alewar da ake rabawa: baƙo ya shigo gida a zuba masa turaren lemo a tafin hannu, a miƙa masa alewa ko cakulan, sannan a kawo baklava, yara kuma su sumbaci hannun manya su ɗora a goshi. A jajiberin sallar layin da ke ƙofar masu lokum da baklava ya fita har titi, kuma wanda ke son saye cikin natsuwa sai ya riga wannan rana da kwana biyu ko uku.

A kusa da masallacin Kılıç Ali Paşa na Tophane, wanda shahararren maginin nan na Daular Usmaniyya Mimar Sinan ya gina, na tarar da wata mota ana soya lokma a cikinta, ƙananan dunƙulen kwaɓi da ake tsomawa a ruwan sukari, ana raba wa duk mai wucewa kyauta. Sadaka ce da iyalai ke yi wa mamacinsu, sunansa yana rubuce a jikin motar, wanda ya karɓa kuma ya yi masa addu'a. Ba ta da mazauni, don haka ba ta shiga taswira, amma na rubuta ta a shafin abubuwan da ake dacewa da su.

Taswirar yanzu ta rufe Karaköy da Galata da İstiklal har zuwa titin Mis, da rabin Cihangir. Abin da ya rage shi ne titin Sıraselviler, inda Savoy yake da kek ɗinsa mai falle-falle, da lungunan Tarlabaşı da ke ɗaya gefen babban titi, inda baƙi daga kudu maso gabashin ƙasar da Siriya suka buɗe nasu gidajen burodin. Shafin aşure kuma, wanda ake dafawa da alkama da wake da busassun 'ya'yan itace a raba wa maƙwabta, zai jira watan Muharram, wanda bana zai faɗo a Yuli.